Yadda Za Ka Ziyarci Heneralife, Gandun Sarakunan Garnaɗa, Idan Ka Tashi Daga Jos

Mutumin Jos ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ke sa mai mulki ya nemi tudu idan zafi ya tsananta, domin garin nan namu ma Turawan mulkin mallaka sun mayar da shi wurin shan iska, suna hawowa hutu daga garuruwan da rana ke gasa su. Wanda ya san Kano kuwa ya san cewa ban da Gidan Rumfa, Sarki yana da wasu gidaje masu gandu a bayan ganuwa, a Nassarawa da Fanisau da Ɗorayi, inda ake fita a huta, a kuma duba amfanin gona. Idan ka haɗa waɗannan abubuwa biyu a ranka, tudu mai iska da gandun sarki, ka riga ka kama hanyar fahimtar Heneralife, gidan bazara na sarakunan Banu Nasr, waɗanda suka mulki Garnaɗa a kudancin Sifaniya har zuwa shekarar 1492. A allunan hanya da jikin tikiti za ka ga an rubuta Generalife da Granada, amma mutanen ƙasar Heneralife suke furtawa, kuma haka ya kamata ka faɗa wa direban tasi idan ba ka so ya tsaya yana kallonka.

Yawancin masu zuwa Garnaɗa fadar Alhamra ce take kai su, wato babbar fadar da ke kan tudun Sabika, sai su bar Heneralife zuwa ƙarshen yini, lokacin da ƙafa ta gaji, su shiga a gurguje, su ɗauki hoto a gaban ruwan da ke tsartuwa, su fita. Ni ma haka na yi a zuwana na farko. Da na dawo gida na kai hotunan wurin wani dattijo mai lambun kabeji da karas a bakin wani kududdufin haƙar kuza da ke hanyar Bukuru, na ce masa, “Baba, ga lambun sarakunan Andalus,” wato ƙasar Musulmin Sifaniya ta da. Ya juya wayar sama da ƙasa, bai ko kula da furannin ba, sai ya ce, “To ɗana, ta ina ruwan yake shigowa, kuma ina yake zuwa idan ya fita?” Ban iya ba shi amsa ba. A kan tambayar tasa na gina wannan jagora, domin na gane daga baya cewa magudanar ruwa guda ɗaya ce ta shata duk tsarin wurin, da gininsa da shukarsa da hanyoyin tafiyarsa.

Tarihin da ya kamata ka riƙe kafin ka ɗaura kaya

A shekarar 1238 Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasr, ya shiga Garnaɗa, a daidai lokacin da manyan biranen Andalus suke faɗawa hannun sarakunan Kirista ɗaya bayan ɗaya, domin Ƙurɗuba ta tafi a 1236, Ishbiliya kuma ta bi ta a 1248. Ya zaɓi tudun Sabika saboda tsaro, amma tudu ba ya zaunuwa sai da ruwa, don haka ya sa aka datse kogin Darro a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 6, inda kogin ya fi tudun bisa, aka haƙa magudana tana bin gefen dutse da ɗan gangare kaɗan har ta iso. Ita ce Larabawa suka kira Saƙiyatus Sulɗan, Sifaniyawa kuma suke kira Acequia Real. Babu inji, babu famfo, gangare ne kawai yake jan ruwan. Abin lura shi ne magudanar tana fara ratsa tsaunin da ake kira Cerro del Sol, inda Heneralife yake, kafin ta haye kwazazzabo ta kan gada ta shiga Alhamra. Ke nan ruwan da Sarki yake alwala da shi a fada sai ya ratsa gandunsa tukuna.

Gidan da kansa an gina shi ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14. Wasu masana suna danganta shi da Muhammadu na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1273 zuwa 1302, wasu kuma da ɗansa Muhammadu na Uku. Sarki Isma'ila na Ɗaya ya sabunta adonsa a 1319, shekarar da ya ci rundunar masarautar Kirista ta Kastila da yaƙi a filin da ke gaban birnin, inda 'ya'yan sarautarsu biyu, Pedro da Juan, suka halaka. Sunan kuwa galibi ana cewa daga Jannatul Arif ya samo asali, wato lambun gwani ko lambun magini. Ba a yi gidan domin karɓar jakadu ba, shi ya sa adon bangonsa bai kai na Alhamra yawa ba. Sarki yana iya fitowa daga fada ta wata ƙaramar ƙofa, ya sauka kwazazzabon, ya hau ta wani lungu mai katanga hagu da dama, cikin 'yan mintuna ya iso inda hayaniyar fadawa ba ta kaiwa, idan kuma wani abu ya taso ya koma nan take. Wanda ya san yadda ɗan'uwa yake tumɓuke ɗan'uwa a gidan Banu Nasr, har shi Isma'ilan ma wani danginsa ne ya kashe shi a 1325, zai gane amfanin gidan hutun da bai yi nisa da karaga ba.

Ranar 2 ga Janairun 1492 Abu Abdullahi Muhammadu na Goma Sha Biyu, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa birnin ga Sarki Fernando da Sarauniya Isabel. Idan kana so ka auna lokacin da ma'auninmu, Muhammadu Rumfa ne a kan gadon Kano a wannan shekara, kuma cikin iyalan da suka yi hijira daga Garnaɗa zuwa Fas akwai na wani yaro, Hasan al-Wazzan, wanda daga baya ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Heneralife ya daɗe a hannun zuriyar Granada Venegas, jikokin wani basarake mai dangantaka da gidan Banu Nasr wanda ya karɓi Kiristanci, sai a 1921, bayan doguwar shari'a, ya zama mallakar gwamnatin Sifaniya. A 1984 hukumar UNESCO ta sa shi tare da Alhamra cikin wuraren tarihi na duniya. Amfanin riƙe waɗannan shekaru shi ne ka san cewa abin da idonka zai gani aikin zamani uku ne da aka ɗora wani kan wani: na Banu Nasr, na masu riƙo bayan 1492, da na masu gyara a ƙarni na 20. Baƙon da bai san haka ba yakan tsaya yana yi wa sarakunan Andalus addu'a a gaban shingen da bai cika shekara ɗari ba.

Takardu, hanya da tikiti

Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, saboda haka bizar Shengen za ka nema. Ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, kuma a shafinsu na intanet za ka ga inda ake karɓar takardu a lokacin da kake shiri. Doka ta yarda a nema tun saura wata shida a yi tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15, amma mai hankali ba ya jiran wannan ƙarshen wa'adi. Za a buƙaci ka je da kanka a ɗauki hoton yatsunka, ka kuma nuna inshorar lafiya ta matafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri. Daga Jos sai ka bi ta Akwanga da Kefi ka kwana a Abuja, domin ba a yin caca da hanya a ranar tashin jirgi. Jiragen da ke tashi daga Abuja sukan yada zango a Istanbul ko Paris ko Frankfurt, kuma kana iya sauka a Madrid ko Malaga. Daga Madrid akwai jirgin ƙasa mai sauri, wanda ya fara zuwa Garnaɗa a 2019, tafiyar kimanin awa uku da rabi ce. Daga Malaga kuwa bas yana kai ka cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Afrilu zuwa farkon Yuni, sa'ad da wardi ya buɗe, sai kuma Oktoba, lokacin nunar rumman, wanda da Sifaniyanci sunansa ɗaya da na birnin. Garnaɗa tana bisa kimanin mita 700 daga doron teku, wato ba ta kai Jos ba, wadda ke wajen mita 1,200, kuma a Yuli da Agusta zafin rana yakan wuce digiri 35. Mutumin Jos zai sha wuya a wannan lokaci fiye da yadda yake zato. A Disamba da Janairu kuma sanyinsu ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba, lambun ma ba ya cikin kyansa.

Maganar tikiti ita ce inda mutane suka fi tuntuɓe. Hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife, tana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, kuma a lokacin cunkoso tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar. Ka saya daga shafin hukumar da zarar ka tsayar da rana, domin akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da shi waɗanda ke ninka kuɗi. Tikitin yana ɗauke da sunanka, kuma sai ka nuna fasfonka na ainihi a ƙofa. Akwai cikakken tikiti wanda ya haɗa da fadojin Banu Nasr da ke cikin Alhamra, akwai kuma mai rahusa na lambuna da Heneralife da tsohuwar ganuwar soja kaɗai. A cikakken tikiti, fadojin ne kawai suke da tsayayyen lokacin shiga, wanda idan ya wuce ka ya wuce ke nan. Dabarar ita ce ka zaɓi wa fadojin lokacin bayan azahar, ka iso ƙofa da ƙarfe 8:30 na safe sa'ad da ake buɗewa, ka fara da Heneralife, wanda dama shi ne kusa da babbar mashiga, tun ayarin masu yawon buɗe ido bai cika shi ba. Daga tsakiyar gari ƙananan bas masu lamba C30 da C32 suna hawa har ƙofa. Ka sa takalmi mai taushin ƙasa, ka ware wa Heneralife awa biyu zuwa uku, kuma ka tuna cewa sau ɗaya tikiti yake shigar da kai cikin gidan.

Daga ƙofa zuwa zaure

Abin da za ka fara tararwa shi ne dandalin wasanni na fili, wanda aka gina a 1952 domin bikin kiɗa da rawa da birnin ke yi kowace bazara, sai kuma sababbin lambuna masu shingen dogon itacen nan mai tsini da Larabawa ke kira sarwu, an aske shi ya zama kamar bango mai ƙofofi. Magini Leopoldo Torres Balbás ya fara su a 1931, Francisco Prieto Moreno ya faɗaɗa su a 1951. Suna da kyau, kuma daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarka ya cancanci kallo, domin da ƙananan duwatsun kogi ake jera shi, farare daga Darro, baƙaƙe daga kogin Henil. Amma kada ka ɓata safiyarka a nan. Ka matsa gefen hagu, ka leƙa ƙasa.

Abin da ke can ƙasa shi ne asalin gandun. Gonaki huɗu ne, Colorada da Grande da Fuente Peña da Mercería, an yanka su hawa-hawa a jikin gangare, kowane hawa an tokare shi da katangar ƙasa da aka daddaɓe, wadda wani sashenta tun zamanin Banu Nasr yake tsaye. Wanda ya taɓa ganin yadda manoman Kofyar suke yi wa gangaren duwatsun kudancin Filato dakali domin kada ruwa ya kwashe ƙasa zai gane aikin da kallo ɗaya. Har yau ana noma kayan miya da itatuwan marmari a cikinsu, ana kuma ba su ruwa ta kwaroro daga hawa na sama zuwa na ƙasa. A ganina waɗannan gonaki sun fi komai daraja a wurin, domin ba kasafai ake samun filin da aka yi shekara ɗari bakwai ana nomawa a kan shatarsa ta farko ba, amma cikin baƙi goma da wuya ka ga ɗaya ya tsaya a kansu. Sashen da ya fi magudanar bisa ma ba a bar shi ba: an raba wani reshe na ruwan tun kafin ya iso gandun ya bi ta sama, an kuma haƙa rijiya mai zurfi wadda dabbobi ke juya mata na'ura, suna ɗaga ruwa zuwa wani babban tafki. Aikin jigo ne aka yi da ƙarfin sarauta. Kalmomin da manoman Sifaniya ke amfani da su har yau suna nuna daga wanda suka koyi ban-ruwa, domin acequia daga saƙiya take, alberca daga birka, noria kuma daga na'ura.

Shiga gidan ba zai zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Akwai farfajiya ta farko inda mahaya suke sauka daga dawakai, sai ta biyu wadda ta ɗan fi ta bisa, sai ƙaramar ƙofa da ƙunƙuntar matakala mai duhu. Tsarin zaure da shigifa ne: na waje ba ya hango na ciki, kuma mai shiga ba ya miƙewa kai tsaye. Ka hau a hankali, domin an yi duhun da gangan saboda abin da ke gaba.

Tsakar gidan magudana

Matakalar tana fitar da kai cikin haske, a bakin doguwar tsakar gida da ake kira Patio de la Acequia, mai tsawon kusan mita 49 da faɗin kusan mita 13, da rumfa a kowane ƙarshe. Ruwan da ke tafiya a tsakiyarta daga wannan kai zuwa wancan shi ne magudanar Sarki da kanta, wadda ta taso daga Darro. Ba a janyo reshe domin ado ba, gidan aka gina a kan hanyar ruwan. A nan ne ya kamata ka zauna ka daɗe.

Abu na farko da za ka cire daga idonka shi ne layuka biyu na ruwan da ke tsartuwa suna haɗuwa a sama kamar baka, waɗanda su ne a jikin kowane hoton wurin. An ƙara su ne a ƙarni na 19. A zamanin Banu Nasr ruwan yana tafiya ne shiru, yana ɗaukar hoton rumfunan kamar madubi, sai ɗan ɓulɓulowa a cikin ƙananan kwanonin dutse da ke ƙasa. Ni dai ina ganin tsartuwar ta ƙara wa wurin hayaniya ta rage masa natsuwa, ko da yake na san da yawa ba za su yarda da ni ba.

Abu na biyu gobara ce ta tona shi. A 1958 wuta ta ci wani sashe na gidan, kuma da aka zo gyara sai masu binciken tarihi suka haƙa ƙarƙashin ƙasar da ta taru cikin ƙarnuka, suka tarar da lambun farko. An raba shi gida huɗu, da wata hanya da ta gicciya magudanar a tsakiya, kuma wuraren shukar sun nutse ƙasa da hanyoyin tafiya, da ƙananan bututu a jikin magudanar masu sakar musu ruwa. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san sunan wannan abu: fangali ne. Ana buɗe masa ruwa ya cika ya tsuma, a toshe, a buɗe na gaba. Bambancin kawai shi ne a nan an yi shi domin mai tafiya ya riƙa ganin kan furanni a kusa da tafin ƙafarsa kamar an shimfiɗa masa darduma. Cikin shukokin da ke wurin ka nemi raihani, wani ɗan itace mai ƙananan ganye da ake askewa ya zama shinge, wanda Sifaniyawa ke kira arrayán, sunan da suka aro daga Larabci. Ba ɗoɗɗoya ba ce, ƙamshinsa daban ne. Akwai kuma lemu da wardi da rumman.

Abu na uku yana bangon yamma, mai fuskantar Alhamra. Jerin bakunan da ke buɗe a wurin yanzu an fasa su ne bayan 1492, kuma idan ka ɗaga kai a ƙarƙashinsu za ka ga tambarin Fernando da Isabel, karkiya da damin kibau. Da can bango ne rufaffe, sai ɗan ƙaramin ɗaki guda a tsakiya wanda ya turo waje. Ka shiga gabansa ka dubi tagoginsa: sun yi ƙasa ƙwarai, har mai tsayuwa sai ya sunkuya. An yi su ne domin mutumin da ke zaune a ƙasa bisa kilishi, ya jingina da matashi, yana kallon gonakinsa a ƙasa da fadarsa a tsallake. Baturen da ya saba da kujera sai an yi masa bayani, mu kuwa da muka tashi a kan tabarma durƙusawa kawai za mu yi mu ga abin da Sarki yake gani.

A ƙarshen arewa akwai rumfa mai baka biyar, a bayanta ƙofa mai baka uku, sannan ɗakin Sarki da wani ɗan soro da ke kallon unguwar Albaisin da kwarin Darro. Benen da ke bisansa ƙari ne na 1494. Idan kana karanta Larabci ka tsaya a kan rubutun da ke jikin farar ƙasar bango, inda za ka ga taken gidan Banu Nasr, wa la galiba illallah, da baitocin yabon Sarki Isma'ila. An hana taɓa bangon, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan.

Matakalar ruwa

Daga nan za ka hau zuwa wata ƙaramar farfajiya mai tafki, inda wani busasshen kututturen sarwu yake jingine da bango. Masu jagora za su ba ka labarin cewa a gindinsa matar Boabdil take ganawa da wani jarumi na gidan Banu Sarraj, abin da ya jawo aka yi wa danginsa yankan rago. Tatsuniya ce da marubutan baya suka yaɗa, kuma farfajiyar a yadda take yanzu aikin ƙarni na 16 ce. Ka dubi inda magudanar take shigowa gidan, ka wuce.

Abin da ya cancanci ƙarfinka yana sama kaɗan, wato Escalera del Agua, matakalar ruwa, wadda tana cikin 'yan abubuwan da suka rage na zamanin Musulmi a wannan sashe. Jakadan Benis, Andrea Navagero, wanda ya zo Garnaɗa a 1526, ya gan ta ya kuma bayyana ta. Matakala ce mai zango uku, kowane zango da ɗan kewayayyen fili da ƙaramin kwanon ruwa a tsakiya, amma hikimar tana jikin bangon da ake dafawa. An fafe saman bangon hagu da na dama, an jera masa fale-falen rufi a birkice, ruwa yana gangarowa a cikinsu daidai inda hannun mai hawa yake sauka. Ka sa hannunka, wannan ba a hana ba. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma sautinsa yana sauyawa daga zango zuwa zango gwargwadon tsananin gangaren. Itatuwan da suka yi wa matakalar rumfa kuwa ka san ganyensu, domin shi ne busasshen ganyen nan mai ƙamshi da ake jefawa a tukunyar dafa-duka. Masana da dama suna ganin matakalar tana kaiwa ne ga wani ɗan masallaci da ke can ƙoli, inda yanzu wani soro na 1836 yake tsaye. Idan haka ne, mai hawa salla yana tafe ruwan alwala yana bin hannunsa.

Mai gida a Jos da yake da fili a gangare, a Rayfield ko Lamingo ko Tudun Wada, a nan ne zai sami abin da zai kwaikwaya ba tare da kashe dukiya ba: tanki a sama, kwaroro a buɗe maimakon bututun da aka binne, fangali a ƙasa da hanya, da wurin zama a inda iska ke ratsa ruwa kafin ta iso. Wardi da rumman da lemu duk suna yi a ƙasarmu. Sai dai kada ka karyi reshe ko ka tsinko iri, domin laifi ne a can, kuma shigo da shuka ba tare da izini ba laifi ne a nan.

Hanyar fita tana bi ta ƙarƙashin wata doguwar rumfar furanni da ake kira Paseo de las Adelfas. Itacen yana da dafi, ganye da fure, saboda haka idan kana tare da yara ka riƙe hannunsu. Daga nan ka haye gada zuwa Alhamra, ka dubi gefenka za ka ga gadar ruwan tana shiga ganuwa a gindin hasumiyar da ake kira Torre del Agua, wadda sojojin Napoliyon suka tarwatsa da albarushi sa'ad da suke janyewa a 1812. Ka bar wa kanka aƙalla minti ashirin na tafiya daga nan zuwa layin shiga fadojin.

Saukowa

Idan ka gama da Alhamra kada ka hau bas. Ka koma wajen babbar mashiga ka nemi hanyar ƙafa da ake kira Cuesta de los Chinos, wadda ke sauka ta cikin kwazazzabon da ya raba fadar da gandun, ba a kuma biyan komai a kanta. Za ka wuce ta ƙarƙashin gadar ruwan, ka ga ƙofar da sarakuna suke fitowa da bakin lungun da suke hawa zuwa Heneralife, kuma a gefenka wani ɗan rafi zai riƙa binka har ƙasa. Rarar ruwan fada da na gandu ke nan, yana komawa Darro inda aka ɗebo shi. A wannan hanya na sami amsar rabin tambayar Baba ta biyu, sauran rabin kuma tana cikin gidaje da lambunan birnin da magudanar take ci gaba da shayarwa bayan ta bar fada.

A ƙasa sai ka haye kogin, ka kama hawan Cuesta del Chapiz zuwa Albaisin, tsohuwar unguwar Musulmi, wadda aka ƙara cikin jerin UNESCO a 1994. Hawan yana da wuya bayan yini guda a tsaye, amma a ƙolinsa, kusa da dandalin San Nikolas, akwai Babban Masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003, inda za ka rama abin da ke kanka na salla. Daga lambun masallacin ana ganin Alhamra gaba ɗaya, da duwatsun Siyera Nebada a bayanta, Heneralife kuma shi ne farin gidan nan da ke hagu, sama kaɗan, a tsakiyar kore, da hawa-hawan gonakinsa a ƙarƙashinsa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, saboda haka idan kana so ka haɗa magariba a can sai ka fara sauka titin Elvira ko Calderería Nueva, inda ake samun abincin halal da shayin Maroko, ka ci ka huta, sannan ka sake hawowa.